Yarona ya canja cikin wata huɗu, babansa ya ce kada in kai shi asibitin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. A unguwar Nima ta Accra nake, koko da ƙosai nake sayarwa. Ɗana na biyu shekararsa 14, yana JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare. Da, yaro ne mai surutu da son ƙwallo, sai na aika ƙaninsa ya nemo shi bayan magariba. Wata huɗu ke nan ya daina fita, wanka ma sai na yi da gaske. Ba ya barci. In na tashi ƙarfe uku zan hura wutar koko, sai in tarar da shi zaune kan bokiti a ƙofar ɗaki, yana magana ƙasa-ƙasa, ya yi shiru kamar ana ba shi amsa. Shekaranjiya na zuba masa tuwo, ya shinshina ya ture, wai matar ɗakin kusa ta sa masa wani abu. Matar nan ita ta yi masa wankan farko ranar da na haife shi.

An yi ruƙiyya sau uku, ya sha rubutu. Kakarsa ta ce a kai shi wani gari a arewa inda ake ajiye masu irin wannan lalura. Malamar ajinsu ta ce in kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Babansa kuma ya ce ranar da aka gan mu a ƙofar Asylum, wato asibitin ƙwaƙwalwa na Accra, sunan mahaukaci ya bi yaron ke nan, har yayarsa ta rasa miji. Ina zan fara? Kuma za su riƙe min shi ne?

Wata nas, Madina: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki kai shi cikin makon nan, kada ki jira. Ba wanda zai iya faɗin sunan ciwon daga nan, kuma ba duk canjin hali ne taɓin hankali ba. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, akwai zazzaɓin da ya hau kai, buguwa a ka, ƙwaya, ko wani abu da aka yi wa yaro ya kasa faɗa. Fara da asibitin Mamobi tunda yana kusa da ke, a duba jikinsa da jininsa, ki nemi takardar da za a tura ku gaba. Ba Asylum kaɗai ba ne: asibitin Korle Bu na da sashen ƙwaƙwalwa, ga asibitin Pantang a hanyar Aburi in kin wuce Adenta.

Ganin farko yawanci hira ce. Za su tambaye ki yaushe abin ya fara, yadda haihuwarsa ta kasance, ko an taɓa yin irinsa a danginki ko na babansa. Kada ki ɓoye komai don kunya. Za su kuma zauna da shi shi kaɗai. Ki rubuta daren da bai yi barci ba da maganganun da yake yi, ki tafi da duk abin da aka ba shi ya sha, har na gargajiya. Yawancin yara gida suke komawa a ranar, sai dai a riƙa zuwa. Ki sabunta katin NHIS ɗinsa na inshorar lafiya, domin tun Nuwamba 2024 katin na ɗaukar wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, amma ki riƙe ɗan kuɗi, wani maganin sai an saya a waje.

Yau da dare ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi a hankali ko muryoyin na cewa ya cutar da kansa ko wani. Tambayar ba ta jefa tunanin a ran yaro. In ya ce e, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya, ku tafi asibiti a daren. Ki ɗauke maganin ɓera, wuƙaƙe da ƙwayoyi daga ɗakin.

Wani direba, Fadama: Hajiya, ki binciki abokansa. Tiramol da wiwi sun gama da yaranmu, na shekara 12 ma na sha. Ni da zane shi zan yi sai ya faɗi gaskiya.

Nas ɗin: Alhaji, a bincika, amma ban da duka. Yaron da ke ganin ana sa masa guba, in uwarsa ta ɗaga masa bulala, ya rasa mutum na ƙarshe da ya yarda da shi.

Malamin makarantar allo, Sabon Zongo: 'Yata, ni ma ina yin ruƙiyya, kuma ina ce miki ki je asibiti. Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A yi masa Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu safe da yamma, ya kuma sha maganin likita, ɗaya ba ya kore ɗaya. Amma wurin da kakarsa ke faɗa, a fara tambaya: ana sa mari a ƙafa? Ana hana abinci? Na ga ƙafar saurayin da ya dawo daga irin wurin nan, idon sawunsa ya zama gyambo. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, Act 846, ta kare haƙƙin mara lafiya, kuma tun 2017 hukuma ta hana ɗaure su da sarƙa. Ki samu limamin da babansa ke jin nauyi ya yi masa magana. Abin da ba zai karɓa daga bakinki ba, zai karɓa daga nasa.

Wata 'yar'uwa, Aboabo, Kumasi: Maganar babansa ce ta sa na kasa yin shiru. Haka mahaifinmu ya ce game da ƙanina, muka ɓoye shi shekara uku muna yawon magani, har Mma ta sayar da keken ɗinkinta. Ranar da ya fita titi ba riga, duk unguwa ta gani, abin da muke ɓoyewa ya tonu da kansa. Sai a lokacin muka kai shi asibitin Komfo Anokye. Yanzu yana gyaran waya, ya yi aure, ni ma na yi. Amma karatunsa ya tafi, shi ne ke ci min rai har yau. In an ba ku magani, makonnin farko zai iya yawan barci, ko wuyansa ya sage, ko ya yi ƙiba. Ki koma ki faɗa wa likita ya gyara, kada ki tsayar da kanki. Mu mun tsayar da muka ga sauƙi, ciwon ya dawo fiye da da.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Na tambaye shi jiya kamar yadda Anti nas ta ce. Ya ce ba sa cewa ya ji wa kansa ciwo, zaginsa suke yi, sai ya fashe da kuka ya ce, "Mma, ke ma kina jin su?" Na ce ba na ji, amma na yarda yana ji. Liman ya zauna da babansa bayan isha'i. Bai ce ya yarda ba, sai dai da asuba ya ajiye min sidi 200 da katin yaron a kan tabarma. Litinin za mu je, maƙwabciyata za ta tsare min kokon. Anti nas, in ya ƙi shiga trotro (motar haya) fa, me zan ce masa?