Na'urar auna zafi mai tasha takwas tana ba ni karatun da ban yarda da shi ba

Ɗan Fanel: Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Ina neman shawara cikin gaggawa. An ba ni aikin ɗaura na'urar auna zafi mai tasha takwas a wani kamfanin casar shinkafa a nan Sharaɗa. Tasha 1 zuwa 3 na kwayil ɗin taransifoma ne, busasshen nan da ba ya shan mai, 1000 kVA. Tasha 4 tana auna ɗakin da yake ciki. Daga 5 zuwa 8 kuma boris ɗin manyan moto guda biyu ne. Duk sensocin Pt100 ne. Na kunna jiya, sai ga matsala uku. Tashoshin moto duk sun ɗara gaskiya da kusan digiri 7 alhali moton bai ko tashi ba. Tasha 6 tana rawa da zarar an tayar da inbata, na'urar da ke sarrafa gudun moto. Tasha 2 kuma tana ƙasa da 'yan uwanta da digiri 20 idan taransifoman ya ɗauki lodi. Mai wurin yana so gobe in haɗa rilen yanke wuta, wato makunnin da na'urar ke bugawa da kanta idan zafi ya wuce kima, da bireka in miƙa aiki.

Baba Mai Wayarin: Wa'alaikumussalam ɗana. Kafin komai, kada ka haɗa rilen nan da bireka gobe. Na'urar da ba ka yarda da karatunta ba, ba a ba ta ikon kashe kamfani. Faɗa mini, da wace waya ka ja sensocin moton, kuma mita nawa ne tsakaninsu da fanel?

Ɗan Fanel: Baba, mai ƙwaya uku ce ta ƙare mini bayan na gama taransifoma. Sai na ja na moton da mai ƙwaya biyu, mai kaurin 0.5 mm², na yi ɗan tsallake a bakin na'urar don in cike gurbi na uku. Nisan zai kai mita 40.

Baba Mai Wayarin: To ga digiri bakwai ɗinka nan. Pt100 ba komai ba ne illa ɗan siririn ƙarfen filatinam da ke nuna om 100 (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wuta) a digiri 0, om 138.5 a digiri 100. Wato kowane digiri ɗaya bai cika om 0.4 ba. Wayar tagulla mai kaurin 0.5 tana da kusan om 0.035 a kowace mita. Mita 40 zuwa, mita 40 dawowa, om 2.8 ke nan. Na'urar ba ta san cewa waya ce ta kawo wannan ba, sai ta lissafa shi a matsayin zafi. Ƙwaya ta ukun nan da ka yi wa tsallake, aikinta ke nan: na'urar tana auna om ɗin wayar da ita ta cire shi daga lissafi. Idan ka haɗe ta a bakin fanel, ka rufe mata ido. Dole ƙwayar ta tafi har gindin sensa, kuma dukkan ukun kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Jajaye biyu gefe ɗaya, fara ɗaya ɗaya gefen, haka suke zuwa a ƙa'idar IEC 60751.

Na Jos: Ni dai a ganina ba sai ya sake jan waya ba. Yawancin na'urorin nan suna da wurin gyaran karatu a kowace tasha. Ya rage 7 a tashoshin huɗu, ya huta. Na yi haka a ɗakin sanyi, har yau yana aiki.

Injiniya 'Yar Zariya: Malam Na Jos, maganarka tana da gaskiya a cikinta, ba zan ce babu ba. Na buga lissafin: om ɗin tagulla yana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, don haka tsakanin asubar hunturu da tsakar ranar Afrilu kuskuren da zai rage bai cika digiri ɗaya ba. A kan boris wannan ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ya sa ban goyi baya ba shi ne wanda zai zo bayansa. Wata shida nan gaba wani zai canza wayar zuwa mai ƙwaya uku, bai san an rage 7 a ɓoye ba, sai boris ya kai 95 na'ura tana nuna 88. Idan har ya zama dole a yi, a rubuta a jikin ƙofar fanel da alƙalamin da ba ya gogewa. Amma tunda tasha 6 tana rawa, wayar za ta fita ko ana so ko ba a so.

Ɗan Fanel: Hajiya Injiniya, me ya haɗa rawar da wayar?

Injiniya 'Yar Zariya: Ka duba hanyar da ta bi. Ina kyautata zaton tana kwance tire ɗaya da kebul ɗin da ya fito daga inbata zuwa moto. Inbata tana yanka wuta tana haɗawa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ita kuma na'urarka 'yar siginar da take karantawa ba ta taka kara ta karya ba. Duk hayaniyar da ke fita daga kebul ɗin moto sai ta hau kan wayar sensa. Sayi mai ƙwaya uku mai ragar ƙarfe a jiki, mai tare hayaniyar. Ka ba ta bututunta daban, tazarar taƙi guda ko fiye daga kebul ɗin wuta. Inda ya zama tilas su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Ragar kuma a ɗaure ta da wayar ƙasa a gefen fanel kaɗai, gefen sensa a yanke a naɗe da tef.

Na Jos: Ni kuwa duka gefen biyu nake ɗaurewa.

Baba Mai Wayarin: A kebul ɗin moto na inbata, haka ne, gefe biyu ake ɗaure ragarsa. A wayar sensa a'a. Jikin moto da jikin fanel ba lallai su zama daidai ba a wajen ƙasa, musamman a kamfanoninmu da kowane gini da nasa ƙarfen da aka kafa. Ka ɗaure gefe biyu, wuta ta samu hanyar bi ta cikin ragar, ka jawo abin da kake gudu da hannunka.

Sannan ɗana, idan ka je sayen wayar, kankare ƙwaya ɗaya da wuƙa a gaban mai shago. An taɓa sayar mini da nadi guda, waje ja kamar tagulla, ciki fari fat, alminiyam ne aka yi wa wanka. Om ɗinta ya fi na tagulla sosai, kuma tana karyewa a ƙarƙashin sukuru. Kwana biyu na yi ina zargin na'ura.

Shugaban Zaure: Ba wanda ya taɓa maganar tasha 2, kuma ita ta fi tsorata ni. Kwayil na tsakiya shi ne wanda 'yan uwansa suka sa a tsakiya, iska ba ta isarsa kamar su, don haka yawanci shi ya fi zafi. Idan shi ne yake nuna sanyi, sensan bai shiga ramin sa ba. A irin wannan taransifoman akwai ɗan bututu a kwayil ɗin ƙaramar wuta, nan ake zura sensa har ya tsaya. Wataƙila naka ya maƙale a baki yana auna iska. Ka kashe ta gefen babbar wuta, 11 kV, ka kulle, ka sauke ragowar wutar zuwa ƙasa, sannan ka matso. Robar da aka zuba wa kwayil ɗin babbar wuta ba kariya ba ce ga hannu. Wayar sensa ma kada ta kwanta a jikinsa, a ɗaure ta nesa.

Injiniya 'Yar Zariya: Akwai abin da nake so ka duba a littafin na'urar, ƙanena. Tasha takwas ba ya nufin rile takwas. Da yawansu rile ɗaya ne na ƙararrawa, ɗaya na yanke wuta, ɗaya na lalacewar sensa, sai na fanka, duk tashoshin suna tarayya a kansu. Idan taka haka take, ranar da boris ɗin moto ɗaya ya yi zafi, birekan taransifoma ne zai faɗi, kamfani duka ya yi duhu da shinkafa a cikin tukunyar turara. Shawarata a raba. Taransifoma ya samu tasa mai tasha huɗu, irin su T154 ta kamfanin Tecsystem na Italiya, don wannan aikin aka ƙera ta. Mai takwas ɗin ta koma kan motoci, har ka samu tashoshin da za ka ƙara wa kwayil ɗin moton idan suna da sensa a ciki.

Ɗan Fanel: Na duba yanzu. Rile huɗu ne kacal, kuma ba a iya ware wa kowace tasha nata. Mai wurin ba zai so jin maganar ƙarin kuɗi ba.

Baba Mai Wayarin: Ka ce masa ya kwatanta kuɗin na'urar da asarar tukunya ɗaya. Idan ya ƙi, ka kashe ikon yankewa a tasha 4 zuwa 8, in na'urar ta yarda, su tsaya a ƙararrawa kawai. Amma ya sani ya sa hannu a takarda cewa moton ba shi da mai kashe shi sai mutumin da ya ji jiniya.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da aiki. Ni abin da ya fi kashe mana irin waɗannan na'urori a nan shi ne wutar da ake ba su. Ko an rubuta tana karɓa daga volt 24 zuwa 240, kada ka ɗauko mata kai tsaye daga bakin taransifoman da take gadi. Lokacin da aka maido da wuta, ko aka juya daga janareta, tsallen da wutar ke yi yana ƙona ta. Ni 24 DC nake ba ta da ɗan batir a baya, da fis nata ita kaɗai. Amfani na biyu, idan ta yanke wuta tana nan a raye, kana zuwa ka ga tashar da ta jawo. Sai ƙura. Dusar shinkafa da ƙurar hunturu idan suka haɗu da raɓa a bayan na'ura, karatu zai fara yawo. Toshe duk ramin da waya ta shiga, ɓeraye ma ta nan suke bi. Kuma kada fanel ɗin ya jingina da bangon da rana ke duka.

Ɗan Fanel: Lambobin da zan saita fa? Ta zo da nata daga kamfani.

Shugaban Zaure: Kada ka dogara da waɗanda ta zo da su. Karanta farantin da ke jikin taransifoma. Idan ajin jure zafinsa F ne, iyakarsa digiri 155. Mu muna sa ƙararrawa a 130, yankewa a 150, sai dai idan maƙerinsa ya rubuta wani abu, to nasa za ka bi. Fanka ta tashi a 90 ta tsaya a 80. Tazarar nan ta digiri goma ita ke hana ta kunnawa da kashewa kowane minti. Boris kuwa fara da 85 da 95, ka bar moton ya yi mako guda yana aiki, ka ga inda yake zama. Idan a 60 yake zama, sauko da ƙararrawar zuwa 75. Boris ɗin da ya saba 60 ya tashi zuwa 80 ya riga ya fara mutuwa.

Baba Mai Wayarin: Gwaji kafin haɗa bireka, ga yadda nake yi. Cire sensa, sa rasista mai om 100 a can ƙarshen wayar, ba a bakin fanel ba, don wayar ma ta shiga jarrabawa. Ya kamata ka ga 0. Mai om 150 zai ba ka 130 da ɗoriya kaɗan, daidai inda ƙararrawarka za ta yi kuka. Auna rasistan da mita tukuna, don mai kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari yana iya kauce maka da digiri huɗu. Sannan zare ƙwaya ɗaya ka gani. Na'urar kirki za ta ce sensa ya lalace. Idan ta ɗauke shi a matsayin zafi ta yanke wuta, gara ka sani yau. Tasha bayan tasha, kana liƙa lamba a kowace waya.

Na Jos: Wanda zai gwada sensan kansa da tafasasshen ruwa ya tuna ba a 100 yake tafasa a ko'ina ba. A nan Jos wajen 96 ne saboda tudu, a Kano 98 da 'yan kai. Ƙanƙara da aka daka aka zuba wa ruwa kaɗan ta fi tabbas, 0 take bayarwa. Kuma a zare wayoyin sensa daga na'ura kafin a buga wa moto ko taransifoma mega, mitar nan da ke tura babbar wuta don gwada rufin waya.

Mai Kwamfuta: Idan za su so ganin karatun a ofis, duba ko tana da RS485, mashigar da take aika karatu zuwa kwamfuta. Waya biyu murɗaɗɗu, daga na'ura zuwa na'ura a jere, ba reshe. Rasista 120 a farko da ƙarshen layin kaɗai. Kowace na'ura da adireshinta na Modbus, yaren da suke magana da kwamfuta da shi, daga 1 zuwa 247, gudun kuma 9600 ya isa. Idan ta yi shiru, juya A da B kafin ka zargi komai, kamfanoni ba su daidaita a kan sunayen nan ba. Wasu kuma suna turo 853 ne a madadin 85.3, sai ka raba da goma.

Ɗan Fanel: Na dawo da rahoto, Allah ya saka da alheri. Mun kashe wuta da safe. Sensan tasha 2 rabinsa ne kawai ya shiga, wata igiyar roba ce ta riƙe shi. Yanzu yana gaban 'yan uwansa da digiri 4. Na sake jan tashoshin moto da mai raga a bututu daban, rawar tasha 6 ta tsaya, rasista 100 yana ba ni 0 a guda uku, 1 a tasha 8. Mai wurin ya amince da sayen ta biyu, amma sai ƙarshen wata. Kafin nan ƙararrawa kawai na bar wa motocin, ya kuma sa hannu.

Baba Mai Wayarin: Madalla. Tasha 8 ɗin nan koma ka sake matse sukurorinta ukun, ɗaya daga cikinsu bai kama sosai ba.