Kifin Wa Ka Kira Marar Asali?

Nura Sulobeniya: Assalamu alaikum. Tun da na ce karatun kifi nake yi a Turai ake mini dariya a zauren nan, wai an tura yaro ƙetare ya koyo fatsa. To ku ji abin da ake karantawa. Akwai kogin Soca a nan Sulobeniya, daga duwatsun Alps yake saukowa, ya ratsa Italiya ya faɗa Tekun Adriyatik. Yana da nasa kifin tirawut mai zanen marmara a jiki, wanda kan wuce kilo 20. A 1906 aka fara kawo tirawut mai ruwan ƙasa daga wasu wurare ana zubawa don masu fatsa su samu na kamawa. Baƙon da ɗan gida suka haɗa jini, 'ya'yansu ma suka ci gaba da haihuwa. Da masana suka bi kogin suna yankar ɗan guntun fiffiken kifi suna duba ƙwayoyin gado, rafuka 8 kacal aka samu da jininsu bai gauraya ba, dukkansu can sama, bayan matsirgar ruwa da kifi ba ya iya hawa. Sai a 1996 aka hana zuba baƙon. Don haka duk wanda ya ɗebo kifin gona marar asali ya juye a kogi, ɓarna ya yi, ba taimako ba. Ku ci gaba da dariya.

Alhaji Bala Mai Tarwada: Wa'alaikumus salam. Ɗana, maimaita in ji. Kifin wa ne marar asali? Da kifin gonar nan na aurar da 'ya'ya, da shi na sauke farali.

Nura Sulobeniya: Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ba tarwada nake nufi ba. Tirawut nake magana.

Alhaji Bala Mai Tarwada: "Kifin gona" ka rubuta. Ga shi nan kowa yana gani.

Ɗan Kabi: Ai yaron bai yi ƙarya ba. Kifin tanki sai kitse da ƙarni. Ku zo Argungu ku ga giwan ruwa, ku san akwai kifi mai asali.

Habu Ɗan Dawanau: Kai da ka zo wurina watan jiya ka sayi kifin tankin ka banda ka kai kasuwa a matsayin na gulbi?

Ɗan Kabi: Kawo shaida.

Malam Idi: Jama'a a ji tsoron Allah. Babu halittar da ba ta da asali. Kalmar nan ko ga dabba ba ta dace ba.

Nura Sulobeniya: Allah gafarta Malam, asalin da nake faɗa na bincike ne. A 2001 wani masani ɗan Kanada, Louis Bernatchez, ya nuna tirawut mai ruwan ƙasa ya rabu manyan zuriya 5: ta Atlantika, ta Danub, ta Bahar Rum, ta Adriyatik, da ta mai zanen marmara. Yawancin na gonakin Turai 'yan zuriyar Atlantika ne, su aka yi ta watsawa cikin kogunan sauran. Da wani gado da ake samu ta wajen uwa kaɗai masanin ya bi sawun zuriyoyin.

Habu Ɗan Dawanau: Ta wajen uwa? Tun yaushe ake bin asali ta wajen uwa? Ka ga irin karatun da ake koya musu ko!

Hajiya Rabi Mai Ƙyanƙyasa: Habu, wadda ta haife ka fa, daga sama ta faɗo?

Habu Ɗan Dawanau: Hajiya, ni ban sa uwar kowa a magana ba.

Hajiya Rabi Mai Ƙyanƙyasa: Ku bar wannan, yaron nan ya taɓo abin da ke cin mu. Mu masu ƙyanƙyasa mun san yadda muke yi. A yi wa matan kifin allurar Ovaprim mai sa su saki ƙwai, a yanka namiji ɗaya a ciro maniyyinsa a zuba wa ƙwan mata uku ko huɗu. Cikin 'ya'yan nan a ware masu saurin girma a ce su ne iyayen baɗi. Wa da ƙanwa ke nan muke haɗawa, shekara bayan shekara. Sai ka ga 'ya'ya masu karkataccen baya, wasu su ƙi girma, mu ce ruwa ne ko abinci. Ga masu haɗa tarwada da ramboshi, damina ta yi ƙarfi kandami ya cika ya tumbatsa, duk su bi rafi. Wa ya taɓa bin sawunsu?

Nura Sulobeniya: Na gode Mama. Nan ma matsalar ke nan. Rafukan nan 8, kowanne jininsa ya bambanta sosai da na maƙwabcinsa duk da kogi ɗaya suke zuba, amma cikin rafi guda kusan duk dangin juna ne, kuma ba su da yawa. Zaftarewar ƙasa ta 2000 ta share kifin rafin Predelica, ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa ba a son...

Alhaji Bala Mai Tarwada: Au Hajiya, ashe kin san haka kika sayar mini da 'ya'yan da rabinsu suka mutu?

Hajiya Rabi Mai Ƙyanƙyasa: Alhaji, cikon kuɗinsu ma ban gani ba har yau. Kwana nawa ka yi ba ka canza musu ruwa ba?

Alhaji Bala Mai Tarwada: A gaban yara za ki yi mini wannan?

Bazazzagi: Bakano da biyan bashi ai sai an kai ruwa rana.

Habu Ɗan Dawanau: Wa ya sa da kai? Ku da ko kasuwar kifi ta kirki ba ku da ita.

Malam Idi: Har yanzu dai ba a janye kalmar ba.

Ɗan Kabi: Kada ka janye, Nura. Mu masunta muna bayanka.

Nura Sulobeniya: Ni ba bayan kowa nake nema ba. Ko akwai wanda ya karanta abin da na rubuta kan rafukan nan?

Habu Ɗan Dawanau: Shi tirawut ɗin ma ana yin farfesunsa?

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, bari in taƙaita. Ɗanmu Nura ya kawo labarin wani kifin ƙasar sanyi da ba ya rayuwa a ruwanmu, cikin ɗokin ƙuruciya ya yi wa masu kiwo ɓatanci. Alhaji Bala, dattijo, ya yi haƙuri ya gyara masa, Malam kuma ya tabbatar da cewa kifin gona yana da asalinsa. Maganar Hajiya ta ƙyanƙyasa ba hurumin yau ba ce, kuma mutuwar 'ya'yan kifi galibi daga rashin abinci mai kyau take. Ɗan Kabi, wannan gargaɗinka na biyu ne kan kushe kayan mutane. Nura zai ba Alhaji haƙuri ta waya. Na rufe zauren zuwa bayan isha'i. Masu neman abincin kifi, na mili 2 da na mili 4 sun iso shagona, a tuntuɓe ni kai tsaye.