Neman kalmar Hausa: algus, jabu ko gurɓata a maganin itatuwa?

1. Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harhaɗa magunguna, ɗalibai, da malamanmu na harshe. Akwai wata kalmar Turanci da ɗalibin sanin magungunan itatuwa ba ya tsallake ta, wato adulteration, amma har yau kowa da yadda yake faɗinta da Hausa. Wani ya ce jabu, wani ya ce gurɓata, wani ya ce haɗi kawai ya wuce. Ni ina tare da algus, kuma ga hujjata. Wanda ya ga gyara ya kawo.

2. Kayan da ake magana a kai su ne ɗanyen magani: ganye, saiwa, sassaƙe, fure, iri ko ƙaro da aka ciro aka busar, ba a kai ga tace sinadarin cikinsa ba. Ɗanye a nan irin na ɗanyen mai ne, ba wai yana da lema ba. Kowane irin kaya yana da ƙa'idarsa a littattafan ma'aunin magunguna na ƙasashe: wane tsiro ne, wane sashe nasa, yawan sinadarin da ya kamata a samu, da iyakar dattin da za a yafe. Idan kaya ya saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma aka sayar da shi da sunan na ƙwarai, to abin da muke nema wa suna ya faru.

3. Jabu ta yi kaɗan. Jabu shi ne abin da aka ƙirƙira don ya yi kama da wani, kamar gemun masara da ake rinawa ja a sayar a matsayin za'afaran. Wannan jabu ne tsantsa. To amma ga kanumfarin da aka turara aka tatse mansa, aka busar da shi aka mayar cikin buhu. Kanumfari ne na gaskiya, daga bishiyarsa ya fito, ba wanda ya ƙera shi. Sai dai abin da ake nema a cikinsa ya tafi. Na ƙwarai idan ka danna shi da farce mai zai tsatso, idan ka jefa shi a ruwa zai nitse ko ya tsaya a tsaye; tatsattsen kuwa yawo yake a saman ruwa a kwance. Ka kira shi jabu, mai kaya ya rantse maka cewa kanumfari ne, kuma bai yi ƙarya ba.

4. Gurɓata kuma tana da aikinta, kada mu ɗora mata wani. Funfunar da ta kama saiwa a ɗaki mai lema, ragowar maganin ƙwari a kan ganye, dalmar da tsiro ya zuƙo daga ƙasa, duk gurɓata ne. Abu ne da ya faɗa wa kaya, ba wanda ya ci riba da shi.

5. Algus daga Larabci muka aro ta, kuma abin da ya fi burge ni shi ne tun can asali a bakin wannan sana'a take. A biranen Musulmi na da, muhtasibi, wato jami'in hisba mai duba kasuwa, yana bincikar masu sayar da magunguna. Littafin hisba na Shaizari, na ƙarni na 12, ya ware babi guda a kansu, yana faɗin abin da ake cakuɗa wa kowane magani da yadda za a gane, kuma da tushen wannan kalma ya kira aikin. Kafin shi da nisa, a ƙarni na 1, likitan Girka Dioskorides ya rubuta irin waɗannan dabarun ganewa. Ke nan ba sabuwar kalma muke ƙagowa ba, tsohuwa ce muke mayarwa gidanta. Ga shi kuma duk mai jin Hausa ya san ta: a rage na ƙwarai, a cike gurbin da abin banza, a ɓoye wa mai saye. 'Ya'yan gwanda a cikin masoro, ƙararen kanumfari a cikin kanumfari, yashi a cikin garin saiwa don ya yi nauyi. A Bangaladash bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna ana goga wa kurkum wani sinadarin dalma mai launin rawaya don ya yi sheƙi a idon mai saye, dalmar kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan in ba algus ba?

6. Wani malami ya kawo gyara mai nauyi, kuma ina so in tsaya a kansa. Ya ce algus sai da niyya, alhali kalmar Turancin ta haɗa har da kuskure. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, haka ne. Ga misalin da ya fi kowane tayar da hankali. A Beljiyam, tsakanin 1990 da 1992, wani asibitin rage ƙiba a birnin Burusel ya ba wa wasu mata ƙwayoyin da ya kamata su ƙunshi saiwar Stephania tetrandra daga Sin. Abin da ya shiga a madadinta shi ne Aristolochia fangchi. Sunayen biyu a harshen Sinanci duk suna ɗauke da fang ji, kuma a kan wannan kamar suna ne masu bincike suka fi ɗora laifin. Mata fiye da 100 suka samu ciwon ƙoda, da yawa sai da wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya aka same su da kansar mafitsara da hanyoyin fitsari. A 1993 aka fara ba da rahoton abin. Haka a Amurka a 1997 aka samu ganyen Digitalis lanata, mai rikita bugun zuciya, a cikin kayan da aka sayar da sunan ganyen Plantago.

Shin za mu ce wa mai tsinkar ganyen da ya rikita tsiro biyu masu kama ya yi algus? Ba za mu ce ba, zalunci ne. Amma Hausa ta riga ta ba mu mafita, domin ta bambanta aikin mutum da halin kaya. Idan na ce wane ya yi algus, na tuhume shi. Idan na ce maganin nan da algus a ciki, kayan na siffanta, kuma ɗakin gwaji iyakarsa ke nan: madubin ƙara girman gani, ƙona kaya a auna toka don a gane yashi, raba sinadarai a kan faranti, duba ƙwayoyin gado na tsiro. Babu na'urar da ke auna niyya. Wannan aikin mai bincike ne da alƙali. Don haka shawarata a rubuta "magani mai algus" a sakamakon gwaji, idan an gano sanadi a ƙara da "na ganganci" ko "na kuskure". Na san "algus na kuskure" zai yi wa kunne banbaraƙwai da farko. Na fi son hakan a kan a sassauta da kalma mai sanyi irin gauraye, wadda mai karatu zai wuce ta bai ji tsoron komai ba, alhali ƙodar mai sha ba ta tambayar niyyar kowa.

7. A ƙarƙashin algus sai a rarrabe. Musanya, idan an sa wani tsiro gaba ɗaya a gurbin wani. Misalinta mai kyau shi ne filasko a gurbin sanamaki: 'yan gida ɗaya ne, filasko ma yana wanke ciki, amma ba shi ne ma'auni ya ambata ba kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, don haka awon da aka yi wa ɗaya ba zai zauna a kan ɗayan ba. Gauraye, idan baƙon abu ya shiga cikin na ƙwarai. Tatsattse, kamar kanumfarin can, ko cittar da aka jiƙa aka zare ƙarfinta. Lalacewa, idan zafi, lema, ƙwari ko daɗewa suka kashe kaya, aka kuma sayar da shi da sunan na ƙwarai. Wata 'yar'uwa ta kawo sirki. Yaya, kalmar tana da daɗi, amma sirki mutum kan yi shi da saninsa don amfanin kansa, babu cutar da kowa a ciki, shi ya sa na bar ta.

8. Saura nau'i ɗaya da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ya yi yawa a wannan zamani kuma yana da haɗari ƙwarai. A ɗauko maganin asibiti mai ƙarfi, a daka, a zuba cikin garin itatuwa, a rubuta a kwali cewa tsantsar itace ne. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama sildenafil a cikin magungunan ƙarfin maza, da dexamethasone a cikin na ciwon gaɓoɓi, da sibutramine a cikin na rage ƙiba, duk da cewa an janye sibutramine daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Mai ciwon zuciya da ke shan ƙwayar naitiret, idan sildenafil ya shiga jikinsa bai sani ba, jininsa na iya faɗuwa warwas. Mai shan dexamethasone a ɓoye wata da watanni fuskarsa ta kumbura, sukarinsa ya hau, kuma ranar da ya daina kwatsam wata matsalar ce. Likitan da ya tambaye shi me yake sha, zai ce itace ne kawai, iyakar abin da ya sani ke nan.

Wannan ya bambanta da sauran, domin a nan ba a rage ƙarfin magani ba, ƙara masa aka yi don mai saye ya ga aiki nan take ya dawo. Gauraye ba ta isa ba, musanya ba ta dace ba. Na kawo "cushe", saboda cusawa ake yi a ɓoye: magani mai cushen ƙwayar asibiti. Wani ɗan'uwa ya ce "ɓoyayyen ƙari" ya fi fitowa fili ga wanda bai taɓa ji ba. Ni dai cushe ta fi kwanta mini don gajartarta, za ta shiga takardar gwaji da sanarwar rediyo ba tare da jan numfashi ba. Malamanmu na harshe, a nan nake son jin ta bakinku kafin mu tsayar da ɗaya.