Katin zinare na jirgin sama: Amurka ce ta fi kyautata wa fasinja ko Turai?

Malam Garba: Jama'a, ina nan a kan bakana. Fasinjan da ya riƙe kamfanin jirgi guda yana tara maki, a Amurka ya fi cin moriya. Tun 1981 American Airlines ta buɗe shirinta na tara maki, AAdvantage. In ka kai matsayi, irin na katin zinare da ake ba masu yawan tafiya, a Delta, United ko American, a tafiyar cikin gida sukan ɗauke ka daga ikonomi, wato kujerun baya masu araha, su kai ka gaba kyauta, muddin akwai gurbi. Kujerun gaban nan kuma masu faɗi ne, bibbiyu a kowane gefe.

Hajiya Binta: Malam, ai a wannan "muddin akwai gurbi" gizo ke saƙar. Yanzu kamfanonin tallar kujerun gaba suke yi wa kowa a manhaja da rangwame kafin ranar tashi. Sai ka iske sunaye jere a allon bakin ƙofa, gurbin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Alfarmar da ba ka da tabbacinta, yaya za ka tsara tafiya a kanta?

Auwalu: Hajiya, ki yi haƙuri, a batun kujera ina bayan Malam. Bizines, wato sashen gaba, na gajeren zango a Turai, kamar na Lufthansa ko British Airways, kujerar ikonomi ce sak. Ta tsakiya kawai ake bari babu kowa, a ja labule, a kawo abinci. Labulen ma matsar da shi ake yi gaba ko baya gwargwadon tikitin da aka sayar. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Hajiya Binta: Na ba ka wannan, ƙanena. To ɗakin hutawa na filin jirgi fa? Mai katin zinare na ƙawancen kamfanonin jirage na Star Alliance daga Lufthansa ko Turkish Airlines yana shiga ɗakin hutawa ko da tikitin ikonomi ne a hannunsa, har da baƙo ɗaya, ga ƙarin kaya, ga shiga jirgi da wuri. Mai zinaren United kuwa, in tafiyar cikin Amurka ce zalla, katinsa ba ya buɗe masa ɗakin hutawa na United Club. Amma baƙon da ke riƙe da zinaren Turkish, a wannan jirgin dai, sai ya wuce ciki. Ga mai jiran canjin jirgi na sa'o'i, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Garba: Ɗakin hutawa kuɗi na saye, Hajiya. Ni bayana nake tausayi.

Auwalu: Amma fa Malam, Amurka ce ta jawo mana lissafin maki da kuɗin tikiti maimakon nisan tafiya: Delta da United a 2015, American a 2016. British Airways ma ta mayar da samun matsayi kan abin da ka kashe daga Afrilun 2025. Mai sayen tikiti mai araha da aljihunsa shi aka bari a baya, wanda ofis ke biya wa shi ke hawa.

Hajiya Binta: Kuma in dai kujera ce abin so, me ya sa ba ku ambaci yankin Gulf ba? Qatar Airways ta fito da Qsuite, kujerar bizines mai ƙofa, a 2017.

Malam Garba: Wannan dogon zango ne, kuma biya za ki yi ko ki ƙona maki. Ni tambayata: wane kamfani a Turai ko Gulf ya mayar da ɗaga mai kati kyauta ƙa'ida a rubuce, a kowace tafiyar cikin gida? Ku kawo sunansa, in janye.