Bishiyar falona sai bushewa take, wa ya san kanta?

'Yar Gwale:
Salam jama'a. Dan Allah wa ya san kan bishiyar nan mai kama da dabino da ake ajiyewa a falo? A watan Agusta na saye ta wajen masu fulawa na bakin titi, shar da ita, amma tunda hunturu ya shigo bakin ganyen ya koma ruwan ƙasa kamar an kara masa ashana, kuma wallahi safe da yamma nake ba ta ruwa, maigida har ya fara min tsiya wai kuɗinsa ne ke bushewa. Sannan ƙanina da ke karatu a Ingila ya shuka ƙwallon dabino a ɗakinsa ya tsiro, wai zai iya fitar da shi waje?

Baban Yara:
Hajiya ai ruwan nan naki ne zai kashe ta. In dai mai siraran kara ce da yawa a tukunya ɗaya kamar gora to areka ce, asalinta Madagaska, laima take so a iska ba taɓo a gindi ba. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji danshi ki ƙyale ta, a sanyin nan sau ɗaya ko biyu a sati ya isa. Ki duba ƙasan tukunyar ko akwai huda, ni tawa da na ɗaga ta ruwa na tarar ya kwanta yana wari kamar kwata, saiwar duk ta yi baƙi, haka na yi asararta. Bakin ganyen kuwa busasshiyar iskar hunturu ce, in kina kunna AC abin ya taru ya yi mata yawa, ga wani ruwan bohol ɗin da gishiri, za ki ga fari-fari a saman ƙasar. Ki riƙa goge mata ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, ki leƙa bayan ganyen, akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo da ke son bushewar nan. Inda ya bushe ki datse da almakashi, ba zai sake yin kore ba.

Ɗan Fagge:
Batun ƙaninki, kar ya kuskura. Jaririn dabino ba ya ɗaukar ƙanƙara. Ya bar shi jikin taga mai kallon kudu, nesa da hita, ya sa masa tukunya mai zurfi don saiwarsa ƙasa take nufa tsaye. Waɗanda yake gani a ƙofar gidajen Turawa galibi ba dabino ba ne, da yawansu wata ce da ake kira Trachycarpus 'yar ƙasar Sin, ganyenta kamar na giginya jikinta gashi-gashi, ita tana jure sanyi har wajen digiri 15 ƙasa da sifili. Kuma ya cire rai da cin 'ya'ya, dabino zafi mai tsawo yake buƙata kafin ya nuna, ga shi akwai namiji akwai mace, ƙwallo kuma caca ce ba ka san wanda zai fito ba sai ya yi shekaru ya yi fure. Shi ya sa wanda ya san harkar ya fi son ɗan da ya tsiro a gindin uwar.

Na Kurna:
Ikon Allah, mu nan goruba ba mai ba ta ko kofi ɗaya tana nan daram, ku kuna lallashin ta falo kamar amarya. Abu ɗaya dai kar ki yanke mata kai wai don ta yi rassa, ba darbejiya ba ce, ta tsakiyar nan kawai take toho, kin sare karan ya tafi kenan.

'Yar Gwale:
Baban Yara Allah ya saka da alheri, yanzu na sa yara suka kwantar da tukunyar, ashe ko huda ɗaya babu, ga wari. Ta siminti ce kuma, a huda ta ko in sayo ta ƙasa kawai in juye?