Zuwa banki da lalura: kowa ya faɗi yadda ta kaya da shi

Tela mai keke, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na je banki karɓar sabon katin ATM. Matakala huɗu ce a bakin ƙofa, bayanta kuma ga ƙofar nan mai kama da akwati, wadda ke ɗaukar mutum ɗaya a tsaye, ta hau kuka in ta ji ƙarfe. Ni kuwa shan inna ta taɓa ni tun ina shekara uku, keken nan shi ne ƙafata. Ban ko buɗe baki ba mai gadi ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, a zaga gaba." Sai da na ɗaga masa tsohon katina ya gane ba bara na zo ba. Aka turo wata ma'aikaciya da fom, na cika a kan cinyata cikin rana, masu wucewa na leƙen abin da nake rubutawa. Shekarata tara da asusu a wurin, ban san kalar kujerunsu ba. Ku fa?

Malamin makaranta, makaho, Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Kai ko katin ma za a ba ka. Ni cewa aka yi sai na zo da mai ido ya tsaya mini, na kuma sa hannu cewa in kuɗi ya ɓata ba ruwansu. Na sa, don albashina ta nan yake shigowa. Injin ATM ba ya magana, don haka ɗan jagorana ya san lambar sirrina, ya san ranar da albashi ya faɗo, ya san abin da ya rage. Yaron kirki ne, amma abin da matata ba ta sani ba shi ya sani. Ga 200 da 500 da 1000 duk girmansu ɗaya, sai dai in ninke kowace da irin nata ninkin. Wayata tana karanta mini rubutu da murya ta manhajar TalkBack, amma in na danna lambobin tura kuɗi, kafin ta gama karanto zaɓin an katse ni.

'Yar Baba, Katsina:
A madadin mahaifina nake rubutu. Kuturta ta cinye masa yatsu tun kafin a haife ni. Ya sha maganinsa ya gama, kuma wanda ya sha magani ba ya sa wa kowa. Da aka kawo BVN a 2014 aka matsa wa kowa ya je ya dangwala yatsa, sau uku muna zuwa. A karo na biyu, Baba yana ɗauke hannu ma'aikacin ya ciro hankici ya goge na'urar, a gaban idonsa. Baba bai ce uffan ba har muka hau mota. A na ukun wata manaja ta karɓe mu da kanta, aka yi masa rajista ta musamman, minti ashirin an gama. Ashe hanyar tana nan. Amma har yau kuɗin hatsinsa a hannun wani mai shago yake ajiyewa, ya ce gara wanda zai ba shi hannu su gaisa.

Mai turaren wuta, kurma, Kaduna:
An rufe mini asusu, saƙo ya zo wai in kira su. Ƙanwata ta kira, suka ce sai mai asusun ta yi magana da bakinta. Na je da kaina. Ba wanda ya iya maganar hannu, aka kira sunana har sau uku ina zaune ban sani ba. Da biro da takarda muka ƙare. Alhamdu lillahi na yi karatu a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano, wadda ba ta iya rubutu ba fa?

Tsohon ma'aikacin banki:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ƙofar nan saboda 'yan fashi aka yi ta, ba don wulaƙanci ba. Inda na yi aiki akwai ƙofar gefe, makullinta na ofishin manaja. Ku riƙa tambaya.

Malamin makaranta:
Ranka ya daɗe, ƙofar da sai an roƙa kafin a buɗe, ai ita ma bara ce.

Sakataren ƙungiyar guragu ta unguwa:
Ba alfarma ba ce, doka ce. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kamfanin da aka samu da nuna wariya tarar naira miliyan ɗaya ce a kansa, mutum kuma dubu ɗari ko wata shida a gidan yari, ko duka biyun. Har layi ta ambata: mu za a fara sallama. Hukumar ƙasa da aka kafa mana a 2020 tana karɓar ƙorafi.

Sai dai kada in cika ku da takarda. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 na faɗi maganar layin nan a bakin ATM, saura kaɗan a kifar da ni da keken. Abin da ya yi mana aiki shi ne zuwa a ƙungiyance. Mu bakwai muka je da wasiƙa, muka jera kekuna a bakin ƙofa har manaja ya fito. Bayan wata biyu aka zuba gangara. Tsayuwarta kamar ta sauke buhuna daga tirela, sai mutum biyu sun tura ka, kuma yawanci motar wani babba ce fake a bakinta. Wasiƙa ta biyu muke rubutawa yanzu.

Tela mai keke:
Malam Sakatare, turo mini kwafin ta farkon. Ranar Litinin zan koma, katin ma sun ce bai iso ba. Zan nemi ƙofar gefen nan da tsohon ma'aikacin banki ya ambata. Mu uku ne zuwa yanzu, duk mai keke a Kano da ke da sarari ƙarfe goma ya yi magana.