Shawarwarin da na tsinta kan taswirar wata ta intanet

Daren Asabar, bayan Isha'i, a majalisarmu ta Tudun Wada a Gombe, wani malamin makaranta ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mana fuskar wata, sai hira ta koma can.

Yawanci shafin taswirar wata mai suna QuickMap 'yan majalisar suka fi yabo. An gina shi da hotunan kumbon LRO da hukumar NASA ta harba a 2009. Malam ya ce a fara da ramin Tycho, mai faɗin kusan kilomita 85, sannan a nemi inda kumbon Apollo 11 ya sauka a 1969. Mai son auna nisa ko zurfin rami, ya gwada wani shafin taswirar, Moon Trek.

Wani ɗalibi ya yi kukan cin data, aka ce ya jira garaɓasar dare. A waya ma abin yakan yi nauyi.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce ta kwatanta taswirar da watan da ke sama a daren bakwai ko takwas ga wata, lokacin da inuwa ke fito da ramuka. Daren sha huɗu haske ya shafe su.

Wani dattijo ya tambaya ko za ta nuna jinjirin watan azumi. Aka ce a'a, Baba, ba aikinta ba ne.